Tseren keke: Ba ƙarfin cinya kaɗai ke cin gasa ba

Duk wanda ya san ƙasar Gidan Amumune da ke gundumar Mayahi a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, ya san cewa tuƙa keke a can sai mai haƙuri, saboda rairayi da iskar hunturu. Sai dai da yawa daga cikin samarin da ke sha'awar tsere, idan suka samu keke mai giya, sai su jefa sarƙa a giya mafi nauyi, suna ganin wannan shi ne jarumta. Kafin a yi nisa cinya ta mutu, gwiwa ta ɗauki ciwo.

Lissafin ba shi da wuya. Keke na da faifai mai haƙora a jikin feda, da wani ƙarami a tayar baya. A keken ƙauye, idan na gaba na da haƙora 44, na baya 18, juyi ɗaya na feda zai kai mutum kimanin mita biyar da rabi. A keken tsere kuwa, haƙora 53 a gaba da 11 a baya suna cin mita goma a juyi ɗaya, amma kowane taku da nauyinsa yake zuwa.

A nan ne ƙwararru suka sha bamban da 'yan koyo. Manyan 'yan tsere kan juya feda sau 85 zuwa 95 a minti ɗaya, kuma suna sauya giya ne domin kada wannan juyi ya ragu, ko a hawa ko a gangare. Dalili shi ne, giya mai nauyi tana ɗora aikin a kan naman cinya, wanda ke saurin gajiya, ita kuwa mai sauƙi tana miƙa shi ga zuciya da huhu, waɗanda ke iya jurewa na sa'o'i. Amma idan juyin ya wuce kima, shi ma yana cinye numfashi a banza.

Gasar Tour de France ta ƙasar Faransa ba ta amince da na'urar sauya giya ga dukkan mahaya ba sai a 1937. Daga baya an ga yadda Chris Froome, haifaffen Kenya, ya lashe ta sau huɗu tsakanin 2013 da 2017 da salon juya ƙafa da sauri a kan duwatsu. A 2024 kuma Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku a gasar, sannan a 2025 birnin Kigali ya karɓi gasar duniya, karo na farko a Afirka. A maƙwabciyarmu Burkina Faso ma, tun 1987 aka fara Tour du Faso.

Saboda haka, saurayin da ke atisaye a kan kwaltar Tasawa zuwa Maraɗi ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Ya duba agogo, ya ƙirga sau nawa gwiwarsa ta dama ke tasowa cikin daƙiƙa 15, ya ninka sau huɗu. Idan bai kai 80 ba, to ya sassauta giya. In ya shiga rairayi ko ya fuskanci iska, ya sauya tun kafin keken ya yi nauyi, don gwiwa ba ta da kayan gyara a kasuwa.