3.4 Zaɓen Injin Ban Ruwa a Lambunan Rimin Gado

A wannan sashe za a yi bayani a kan abubuwan da ya kamata mai lambu ya duba kafin ya sayi injin ban ruwa. Ƙaramar Hukumar Rimin Gado tana yamma da birnin Kano a kan hanyar Gwarzo, kuma tana cikin yankin nan mai yawan jama'a inda gado ya rarraba gonaki suka zama ƙanana. Saboda haka lambun da ake magana a kansa a nan shi ne na 'yan fangaloli na tumatir da albasa da tattasai da latas a bakin rafi ko a cikin fadama.

A da, da jigo da guga da ƙwarya ake shayar da irin wannan lambu. Ƙananan injinan fetur sun yaɗu ne daga shekarun 1980, lokacin da Hukumar KNARDA ta riƙa ƙarfafa haƙa ƙananan rijiyoyin bututu a fadamun Jihar Kano, sannan Shirin Fadama na farko, wanda aka fara a 1993 da rancen Bankin Duniya, ya ƙara faɗaɗa al'amarin.

Abu na farko da za a duba shi ne zurfin ruwan, kuma a ra'ayin mai wannan nazari shi ne ya fi kowanne muhimmanci. Injin fetur da aka saba da shi yana zaune ne a bisa ƙasa. Farfelar da ke cikinsa tana juyawa ta rage iskar da ke cikin mesa, sai nauyin iskar sararin sama ya turo ruwan ya hau. Wannan nauyi kuwa yana da iyaka. A lissafi ba ya ɗaga ruwa fiye da kimanin mita 10, a aikace kuma inji ba ya wuce mita 7 zuwa 8, kuma tun daga wajen mita 6 ruwan da yake fitarwa yakan ragu ƙwarai. Girman inji ba ya sauya wannan ƙa'ida. Mai inci uku da mai inci biyu duk a nan suke tsayawa, don haka wanda ruwa ya yi wa nisa ya je ya sayo babban inji, asarar kuɗinsa kawai ya yi. Dabarar da manoma suke yi ita ce su haƙa rami a gefen rijiyar su saukar da injin ya kusanci ruwa.

Lokacin awon ma yana da muhimmanci. Ruwan da yake kusa a watan Nuwamba bayan ɗaukewar damina zai iya yin ƙasa sosai a Maris da Afrilu, daidai lokacin da zafi ya tsananta kuma shuka ta fi bukatar sha. Zurfin bazara shi ne ma'auni.

Bayan zurfi sai yawan ruwan da rijiyar take iya bayarwa. Ƙarƙashin ƙasar yammacin Kano dutse ne mai tauri, ruwan kuma yana taruwa ne a cikin yashin fadama da ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa, shi ya sa rijiyoyi da yawa ba su da ƙarfin ɓulɓulowa. Kamfanonin da ke ƙera injinan, irin su Honda, sukan rubuta cewa mai inci biyu yana fitar da kimanin lita 600 a minti ɗaya, mai inci uku kuma kimanin lita 1,000 ko fiye. Idan aka ɗora mai inci uku a kan rijiya maras ƙarfi, cikin ɗan lokaci sai ya ƙafar da ita ya fara zuƙar iska da yashi. Yashin yana cinye farfela, aiki babu ruwa kuma yana ƙona sil ɗin da ke hana yoyo.

Ana iya gane bukatar lambu da ɗan lissafi. Ruwa mai zurfin milimita 1 a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne. A ɗauka lambu rubu'in hekta ne, kuma shuka tana shan milimita 6 a rana cikin zafi, ke nan lita 15,000 kullum, ko lita 45,000 idan bayan kwana uku-uku ake ban ruwa. Inji mai inci biyu da ke ba da lita 500 a minti zai gama wannan cikin awa ɗaya da rabi. Ko an ƙara abin da ke tsiyayewa a magudana, da wuya aikin ya wuce awa biyu da ɗoriya. Wannan ya nuna cewa ga mafi yawan lambunan da ake magana a kansu mai inci biyu ya wadatar, ga shi kuma da sauƙin ɗaurawa a babur a kai gida da yamma saboda ɓarayi.

Kuɗin mai ya zama babbar magana tun bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki. Daga nan wasu manoman Arewa suka mayar da injinansu masu amfani da iskar gas ta girki, wasu suka koma ga injin hasken rana. Shi wannan na hasken rana, musamman irin wanda ake zura wa cikin rijiya, yana tura ruwa ne daga ƙasa, don haka iyakar mita 8 ba ta shafe shi ba. Yana kuma fitar da ruwa kaɗan-kaɗan tsawon yini, wanda ya dace da rijiya mai rauni. Sai dai kuɗin sayensa yana da yawa, yana bukatar tanki ko kwalbati na tara ruwa, kuma ƙurar hunturu tana rage ƙarfin farantansa idan ba a gogewa.

Game da gyara, Kano tana kusa, kuma kayan injinan fetur na Japan da makamantansu na ƙasar Sin ba su da wahalar samu a kasuwar Sabon Gari. Duk da haka ya kamata mai saye ya tambayi makanikin garinsu irin injin da ya iya gyarawa kafin ya biya kuɗi, domin tumatir da ya fara fure ba ya jure mako guda babu ruwa a cikin zafin Maris.