Kunnen Hagu na Maharbi

A cikin hunturun da ya wuce, bayan an gama kaka, masara ta shiga buhu, auduga kuma ta kama hanyar Funtuwa, na je ta'aziyya wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Ƙafur, inda Allah ya haɗa ni zama tabarma ɗaya da wani dattijo wanda tun ina yaro nake jin labarin harbinsa, mutumin da a zamanin ƙuruciyarsa ake cewa ko zomo ne ya gitta cikin ciyawa da tsakar dare sai ya gaya maka inda ya dosa. Na durƙusa na ce, "Baba, ya ƙarin haƙuri?" Bai amsa ba. Da na maimaita sai na ga ya karkato da kai, ya miƙo mini kunnen dama, ya kafa tafin hannu a bayansa, ya ce, "Ɗana, ɗaga murya, wannan na hagun ya daɗe da yin murabus."

Da jama'a suka ɗan ragu muka shiga hira, ko da yake rabinta ihu nake yi, ya ba ni labarin abin da yake fama da shi shekara da shekaru. Ya ce ba dare ba rana akwai wani kuka cikin kansa kamar na gyare a damina, wanda ba ya yankewa ko da na ƙiftawar ido, kuma ya fi tsananta idan gari ya yi tsit ya kwanta barci. Ya ce idan liman na karatu a sallar asuba yana jin amon murya amma ba ya rarrabe harufa, har ta kai sai ya saci kallon na kusa da shi kafin ya san an yi ruku'u. Jikokinsa kuwa, da yake muryarsu siririya ce, sai dai ya ga baki na motsi. Duk wannan ya ɗora shi a kan tsufa, da kuma wata iska da ya ce ta buge shi a dajin Kogo wata shekara. Amma ga yayansa zaune a gefe, wanda ya ba shi shekara biyar, bai taɓa riƙe abin da ya wuce fartanya ba, ana raɗa yana ji. Na tambayi dattijon kafaɗar da yake ɗora gindin bindiga, ya ce ta dama. Nan na san ba iska ba ce, domin wannan alama ce da likitocin kunne suka sani sarai: mai harbi da kafaɗar dama yakan kwantar da kansa a kan bindiga, kafaɗa da kai su kāre kunnen dama, na hagu kuwa ya fuskanci bakin bindigar ya sha dukan ƙarar baki ɗaya.

Da a ce abin ya tsaya kan dattijon, da na yi masa addu'a na kama hanyata. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne wanda na gani bayan 'yan makonni, a wajen wani bikin naɗin sarauta, inda 'yan bindiga suka fito cikin jajayen kaya suna zagaya fili, kowa na dura albarushi fiye da ƙima don tasa ta fi ta ɗan'uwansa amo, jama'a na sowa, mata na guɗa, hayaƙi ya turnuƙe. Daf da gwiwar wani saurayi daga cikinsu ga yaro ɗan shekara goma ko ƙasa da haka, yana riƙe masa da goran albarushi, duk sa'ad da aka tashi bindiga sai yaron ya zabura ya kai hannu kunne, manya kuma su kwashe da dariya su ce masa matsoraci. Kafin a watse na ga ya daina kai hannun, ya ƙame, wai shi ma ya zama namiji. Da na bincika aka ce mini jikan dattijon nan ne. Ashe ba bindiga kaɗai ake gada a gidan ba, har da kurumta, kuma ana miƙa ta hannu da hannu da rana tsaka, da kiɗa da kirari.

Ina so mai karatu ya yi haƙuri ya ji yadda abin yake aukuwa. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan bututu nannaɗaɗɗe kamar katantanwa, a cikinsa akwai 'yan silalla ƙanana kimanin 15,000 a kowane kunne, su ne ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Manomi ya san yadda guguwa ke yi wa masara: wadda ta kwanta takan miƙe bayan kwana biyu, wadda ta karye ta tafi ke nan. Haka silallan nan suke, sai dai su ba a sake shuka su. Wanda ya mutu ya mutu har abada, kuma har yau babu allura ko ƙwaya ko saiwa da ke tayar da shi. Masana suna auna ƙarfin sauti da wani ma'auni da ake kira desibel. Hirar mutum biyu takan kai wajen 60. Idan ƙara ta kai 85, ba a so ma'aikaci ya zauna cikinta fiye da awa 8 a yini. Idan ta kai 100, minti 15 ya isa. Iyakar abin da aka yarda kunnen baligi ya ɗauka a bugu guda shi ne 140, na yaro kuma 120. Bindigar farauta kuwa takan kai 150 zuwa 160, wata ta haura, wato harbi ɗaya tak na iya yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Wannan toshewa da kugin da maharbi ke ji bayan ya ja kunama, wanda yake cewa ai zuwa gobe ya washe, shi ne kwanciyar masarar, kuma a kowace kwanciya akwai karan da ba ya tashi.

Malamanmu na fiƙihu ba su ɗauki ji da wasa ba. Duk wanda ya karanta Risala ya san cewa a babin jini da haddi an yanka wa wanda ya gusar da jin wani diyya cikakkiya, daidai da ta rai, raƙumi ɗari ko dinari dubu. To, ina hankali, ina basira, a ce abin da shari'a ta yi wa wannan ƙima, mutum ya bayar da shi kyauta don a tafa masa a bakin fada? Kuma da wace hujja zai bayar da na ɗan yaron da aka ba shi amana, wanda bai balaga ba balle a ce ya yarda? Na ga maharbin da ya ɗaura guru uku, ya rataya layu har ba a ganin rigarsa, ya sha maganin ƙarfe da na maciji da na ƙaiƙayi, amma kunne, wanda da shi yake cin abinci a daji, ya bar shi a buɗe. Idan an yi magana ya ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya bar sababi yana gani, ba tawakkali ya yi ba, sakaci ya yi.

Sai dai in yi wa maharba adalci, domin suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma dattijon nan da kansa ya kawo mini ita. Ya ce, "Ɗana, maharbi da kunnensa yake farauta. In na toshe, yaya zan ji takun gada, ko haushin karena, ko kiran ɗan'uwana?" A yau ma hujjar ta ƙara nauyi, tunda da yawa daga masu riƙe da bindigar toka a ƙasashen Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara ba nama suke nema ba, gadin gari suke yi da dare saboda ɓarayin daji, kuma mai gadin da ba ya jin motsi ya zama nama da kansa. Wannan matsala ce aka ƙera wa wani marufin kunne mai batir, wanda maharba da sojoji a Amurka da Turai suka daɗe suna amfani da shi. Kamanninsa kamar abin sauraren waƙa na samari, ƙoƙuna biyu masu laushin baki da maɗauri a bisa kai, amma aikinsa dabam ne. A wajen kowane ƙoƙo akwai ɗan makirufo da ke ɗauko sautin waje, ya shigar da shi ta 'yar lasifika, har ya ƙara wa ƙaramin sauti ƙarfi, ta yadda mai sanye da shi yakan ji ƙarar busasshen ganye fiye da wanda kunnensa ke sake. Da zarar ƙara ta haura wajen desibel 82, kafin ƙiftawar ido na'urar ta danne ta, ƙoƙon ya tare saura, sa'an nan ta koma yadda take. Kamfanoni irin su 3M Peltor da Howard Leight da Walker's suna yin sa, yawanci da ƙananan batura biyu irin na rimot yake aiki, kuma ko batir ya ƙare kāriyar ƙoƙon tana nan, jin motsin ne kawai ke ɗaukewa.

Na san za a ce tsada. Gaskiya ne ba kuɗin goro ba ne, amma matsakaicinsa bai kai farashin babbar wayar hannu ba, ga shi kuwa ban ga saurayin da ya fito farauta ba waya a aljihu ba. Ƙungiyar maharba da ke iya tara kuɗin mota da na makaɗa duk shekara tana iya sayen guda biyar ko goma a ajiye wurin Sarkin Baka, mai fita ya ɗauka ya dawo da shi. Rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Jihar Katsina ta kafa a watan Oktoba na 2023, da sauran 'yan sintiri, ya kamata a lissafa musu wannan cikin kayan aiki kamar takalmi da tocila, musamman ranar koyon harbi, inda mutum kan ji ƙarar tasa da ta duk wanda ke layi. Wanda zai saya ya nemi mai makirufo biyu, ɗaya a kowane gefe, don ya gane ta inda sauti ya fito. Ya duba lambar da ke jikin kwali mai nuna yawan ƙarar da yake ragewa, kada ta gaza 22. Ya kuma yi hattara da jabu. Idan zai sa, ya tabbata bakin ƙoƙon ya manne da fata, domin gefen hula ko rawani ko ƙafar tabarau in ya shiga tsakani ya buɗe wa ƙara ƙofa. A share masa gumi da ƙurar hunturu, a cire batir in za a ajiye shi har damina ta wuce.

Yanzu sai in zo kan abin da ya fi ba ni haushi, wato auduga. Mu mutanen wannan yanki, da yake Allah ya hore mana ita, mun ɗauka maganin kome ce, sai ka ga mai injin niƙa, ko ma'aikacin gidan gurza, ko maharbin da ya ɗan waye, ya yago 'yar auduga ya cusa a kunne ya ce ya yi rigakafi. Auduga busasshiya saƙa ce mai huhu, sauti na ratsa ta kamar yadda ruwa ke ratsa rariya, abin da take ragewa bai taka kara ya karya ba. Illarta ma ita ce takan sa mutum ya saki jiki ya matso kusa. Wanda bai sami marufi mai batir ba, akwai 'yar toshiya ta soso mai arha da ake samu wurin masu sayar da kayan kāriyar ma'aikata, wadda ake murzawa ta sirance, a ja kunne sama, a zura ta, a riƙe har ta kumbura ta cika ramin. Ga 'yan bindigar Sallah da na biki, waɗanda ba wani motsi suke saurare ba, wannan ta wadatar, kuma ba su da uzurin barinta. In aka haɗa ta da marufi a sama, ya fi. Yara kuwa babu toshiyar da ta halatta a tsayar da su kusa da bakin bindiga. A kore su can bayan taro, ko da za su yi kuka.

Idan kuma mai aukuwa ta auku, bindiga ta tashi daf da kunne, aka ga jini ko ruwa, ko ji ya ɗauke bai dawo ba har gari ya waye, to, don Allah kada a ɗiga man ja, ko ruwan albasa, ko a zura gashin kaza da tsinken ashana. A bar kunnen a bushe, a hana ruwan wanka shiga, a tafi asibiti cikin kwanakin farko, domin dodon kunne da ya fashe yakan haɗe da kansa cikin 'yan makonni in ba a jiƙa shi ba, wani maganin kuma ba ya amfani sai an fara shi da wuri. Daga Funtuwa zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ba wata tafiya ba ce, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, inda ake auna ji da na'ura, a kuma ba wanda ya dace abin ƙara ji.

Da na sake komawa wurin dattijon, can na ba da shawara a kai shi. Ya yi dariya ya ce shi kam ya gama jin abin da zai ji a duniya. Na ce, "To, Baba, jikan naka fa?" Ya juyo da kunnen dama, ya ce in sake faɗa.