Ruwan ɗumi magani ne, amma da gwargwado

A cikin duwatsun Abzin, arewa da birnin Agadas, akwai wani ƙauye mai suna Tafadek inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa ba tare da an hura masa wuta ba. Tun zamanin kakanni masu fama da sanyin ƙashi, da ciwon baya, da cututtukan fata suke niƙo gari zuwa wurin, wasu daga Damagaram da Maraɗi da Tawa, su share kwanaki suna shiga ruwan safe da maraice. Da yawa sukan koma gida suna cewa jiki ya yi sauƙi. Yin magani da ruwa kuwa abu ne da likitocin zamani suka amince da shi. A Jamus wani limamin kirista mai suna Sebastian Kneipp ya wallafa littafi a kansa cikin 1886. A Faransa asusun inshorar lafiya yana biyan wani kaso na kuɗin jiyyar kwana 18 a garuruwan ruwan zafi irin su Dax, idan likita ne ya rubuta wa marar lafiya ita.

Abin da ɗumi ke yi wa jiki

Zafin jikin mutum mai lafiya wajen digiri 37 ne. Idan ya shiga ruwan da ya ɗara haka kaɗan, hanyoyin jini na ƙarƙashin fata sukan buɗe, jini ya gudana sosai zuwa ga tsoka, naman da ya ɗaure sabo da noma ko daka ko doguwar tafiya ya saki. Shi ya sa tsofaffi ke cewa a gasa wa wanda ya gaji jiki. Ruwa kuma yana ɗauke wa mutum nauyinsa: wanda ya tsaya cikinsa zuwa ƙugu, wajen rabin nauyinsa kawai ƙafafunsa ke ɗauka, idan ya kai wuya kuwa abin bai fi kashi 10 bisa ɗari ba. Da wannan dabara ce masu gyaran gaɓoɓi a asibitoci ke koya wa wanda ya karye ko ya shanye sake taka ƙasa, domin gwiwar da ba ta lanƙwasuwa a tudu takan yarda ta motsa cikin ruwa.

Barci ma yana samun rabonsa. A 2019 masu bincike na jami'ar Texas a Amurka sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a baya, suka gano cewa wanka da ruwa mai digiri 40 zuwa 42, awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya, yana rage jiran barci da kamar minti 10. Dalili shi ne jinin da ya taso zuwa fata yana fitar da zafin cikin jiki bayan an fito, saukar zafin nan kuwa ita ce alamar da ƙwaƙwalwa ke jira ta kira barci. A Japon an bi mutane sama da 30.000 har wajen shekara 20, sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna masu jiƙa jiki kusan kullum sun fi masu yi sau biyu ko ƙasa da haka a mako tsira daga cututtukan zuciya da hanyoyin jini da kashi 28 bisa ɗari. Binciken ya nuna dangantaka ce tsakanin abubuwan biyu, bai tabbatar da cewa wankan shi kaɗai ne ya kare su ba.

Wankan jego

A ƙasar Hausa babu inda ruwan zafi ya fi samun daraja kamar gidan haihuwa. Kwana 40 ana dafa tukunya safe da yamma, a tsoma ganyen tsamiya ko na bedi, a riƙa fyaɗa wa mai jego, a bi ta da kunun kanwa. A wasu wurare har a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa take kwana. Niyyar iyaye mai kyau ce, wato a kori sanyi, a maido wa ɗiyarsu ƙarfi. Amma zafin da ke hutar da mai lafiya aiki ne ga zuciya, domin dole ta ƙara bugu kafin ta cika hanyoyin jinin da suka buɗe. Kanwa kuma dangin gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, tana tada jini.

A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi nazarin matan da ke zuwa asibitin Zariya bayan haihuwa da kumburin ƙafa da haki, suka danganta gazawar zuciyarsu da zafi da kanwa. A Yamai, binciken da Cénac da abokan aikinsa suka buga a 1992 ya gano ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom a jinin masu wannan cuta. Nazarin da aka yi daga baya a Najeriya ya fi ɗora laifin a kan rama, da talauci, da hawan jini na lokacin ciki. Ke nan ba wanka kaɗai ke kawo cutar ba, amma macen da zuciyarta ta riga ta raunana ba ta da ƙarfin ɗaukar tafasasshen ruwa sau biyu a yini. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko take haki, ko tari ke hana ta kwanciya da dare, a dakatar da wankan da kunun kanwa a kai ta gidan likita ran nan, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara itace.

Gwargwadon da ya dace

Hausawa na cewa ruwan zafi ba wurin wasan kwaɗo ba ne. Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fatar babba cikin ƴan daƙiƙoƙi, ta jariri kuwa ta fi saurin ƙuna. Abin da ake so shi ne digiri 37 zuwa 40, na tsawon minti 15 zuwa 20. Inda babu ma'aunin zafi, a tsoma gwiwar hannu: idan ba ta iya zama ciki da daɗi, a sirka. A sha ruwa kafin a shiga da bayan an fito, a kuma tashi a hankali, domin jini yakan sauka jiri ya ɗebi mutum.

Mai ciwon sukari ya yi hattara da jiƙa ƙafa, domin cutar takan kashe jin zafi a tafin ƙafa, ya ƙone bai sani ba, gyambon kuma ya ƙi warkewa. Mai ciki, da mai ciwon zuciya, da mai farfaɗiya su nemi shawarar likita tukuna. Sabon targaɗe da gaɓar da ta kumbura ta yi ja sun fi son ruwan sanyi a kwana biyun farko.

Ba sai an je Tafadek ba, ba kuma sai da babban kwarmin wanka irin na Turawa ba, balle a garuruwan da ake sayen ruwa garwa-garwa, itace kuma ya yi tsada. Daro ɗaya ya isa manomi ya jiƙa ƙafafunsa da maraice. Tsumma mai tsabta da aka tsoma aka matse ya isa gashin baya da wuya. Mai basir, da mai jegon da ta samu ƙari wajen haihuwa, sukan ji sauƙi idan suka zauna minti 10 zuwa 15 cikin ruwan ɗumi mai tsabta, sau biyu ko uku a yini. Idan an yi mako biyu ana gashi ciwon bai ragu ba, lokacin ganin likita ya yi.