Marcel Desailly: haifaffen Accra da ya zama katangar Faransa

A zangunanmu na Nima da Kumasi, duk lokacin da aka zauna hirar ƙwallo, akwai gardamar da ba ta ƙarewa: wai Marcel Desailly ɗan Gana ne ko Bafaranshe? Ni dai tambayar ba wasa na ɗauke ta ba, domin irinta ce ake yi wa ’ya’yanmu da muka haifa a Abijan, Duwala ko Kwatano idan suka je ganin gida.

An haife shi a Accra ranar 7 ga Satumba, 1968, sunansa na yanka Odenke Abbey. Mahaifiyarsa Elizabeth ta auri wani jami’in ofishin jakadancin Faransa, wanda ya ɗauki riƙon ’ya’yanta ya ba su sunansa. Yana ɗan shekara huɗu aka tafi da shi Faransa, iyalin suka zauna a birnin Nantes. Yayansa Seth Adonkor ne ya fara buɗe ƙofa, shi ma ɗan wasan Nantes ne da ake sa wa rai sosai, sai ya rasu a haɗarin mota a 1984. Marcel na da shekara 16 a lokacin. Bayan shekara biyu ya fara buga wa babbar ƙungiyar, tare da abokinsa na makarantar horo, Didier Deschamps.

A 1992 ya koma Marseille. Duk wanda ya kalli wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai a Munich a 1993 ba zai manta ba: Abedi Pele na Gana ne ya buga kwana, Basile Boli haifaffen Abijan ya sa kai, Marseille ta doke AC Milan da ci ɗaya mai ban haushi. Desailly na baya yana tare hanya. Kofi ne na Turai, amma ’ya’yan Afirka ta Yamma ne suka ɗauko shi.

Abin da ya fi burge ni a tarihinsa shi ne abin da ya biyo baya. Milan ɗin da ya doke ce ta saye shi a ƙarshen wannan shekarar. To amma ina zai tsaya? A bayan Milan akwai Baresi, Costacurta, Maldini da Tassotti, babu wanda za a ce ya matsa. Sai koci Fabio Capello ya tura shi tsakiya, gaban ’yan bayan, aikinsa ya ƙwace ƙwallo ya miƙa wa masu fasaha. Wani da sai ya ce ai ni ɗan baya ne, a bar ni inda na saba. Shi kuwa ya karɓi aikin ya iya shi fiye da waɗanda suka tashi a ciki. Ɗan kasuwar da ya je garin mutane da atamfa ya tarar kasuwar ta cika, ya koma sayar da goro, zai gane abin da nake nufi. A watan Mayun 1994 a birnin Athens, Milan ta lallasa Barcelona ta Johan Cruyff da ci 4 da nema, ba tare da Baresi da Costacurta ba saboda an dakatar da su, kuma Desailly ne ya zura ta huɗun. Ya zama ɗan wasa na farko da ya ci kofin shekara biyu a jere da ƙungiyoyi daban-daban. Ya kuma ci gasar Italiya sau biyu, a 1994 da 1996.

A tawagar ƙasa kuwa, a baya yake wasa, kafaɗa da kafaɗa da Laurent Blanc. A 1996 ɗan siyasar nan Jean-Marie Le Pen ya fito yana sukar tawagar, wai an cika ta da baƙi. Shekara biyu bayan haka waɗannan “baƙin” suka ci wa Faransa kofin duniya na farko a tarihinta, suka doke Brazil 3 da nema. Desailly bai ƙarasa wasan ba, an kore shi da jan kati bayan katin gargaɗi na biyu, ya bar abokansa su goma. Allah ya rufa asiri. Sai kuma kofin Turai na 2000. Amma fa shi ne kyaftin a 2002 lokacin da Senegal ta kunyata su a wasan farko a Seoul, suka koma gida ko ƙwallo ɗaya ba su ci ba. Ranar, gaskiya, ba bayansa muke ba.

Shekara shida ya yi a Chelsea daga 1998, har ya zama kyaftin, ya ci kofin FA a 2000. Daga nan ya tafi Katar inda ya ajiye takalma a 2006. Wasa 116 ya buga wa Faransa, babu wanda ya kai shi sai da Lilian Thuram ya wuce shi.

Masu cewa ya juya wa Gana baya, a ganina ba su yi masa adalci ba. Yaron da aka ɗauke yana shekara huɗu, wane zaɓi aka ba shi? Faransa ce ta rene shi, ta koya masa ƙwallon, da yarenta yake tunani. Tambayar da ta fi dacewa ita ce me ya yi bayan ya mallaki hankalinsa da dukiyarsa. Ya dawo Accra ya zuba kuɗinsa a unguwar East Legon, ya gina cibiyar wasanni mai filayen ƙwallo da wurin ninƙaya, inda yara suka riƙa zuwa atisaye. Sunan da ya raɗa mata shi ne Lizzy, wato sunan mahaifiyarsa.