BABI NA HUƊU: TSARA FAYILOLIN SAITI DA ƊAURE SU ƘUNSHI-ƘUNSHI

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin na'urorin da ake harhaɗawa domin gida ya riƙa gudanar da wasu ayyukansa da kansa, kamar kunna fitilu da jawo ruwa zuwa tanki da lura da batirin sola. A wannan babi kuwa, za a dubi fayilolin da ke ɗauke da umurnin da na'urorin ke bi, da yadda ya dace a jera su, musamman ga gidan da ke ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

4.1 Ma'anar Fayil ɗin Saiti

Fayil ɗin saiti rubutu ne da ake ajiyewa cikin kwamfuta, wanda ke faɗa wa manhaja abin da za ta yi da lokacin da za ta yi shi. Manhajar da aka ɗauka a matsayin misali ita ce Home Assistant, wadda Paulus Schoutsen ya fara a shekarar 2013, kuma tana iya aiki a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi. Uwar fayilolinta ita ce configuration.yaml, ana kuma rubuta ta da tsarin da ake kira YAML. A wannan tsari, tazarar da aka bari a farkon layi ita ke nuna wane bayani ke ƙarƙashin wane. Saboda haka kuskuren tazara ɗaya ya isa ya hana manhajar karanta fayil ɗin. Ko da yake a yau yawancin na'urori ta fuskar allo ake shigar da su, har yanzu akwai saitin da sai an rubuta shi da hannu.

4.2 Dalilin Kula da Tsari a Wannan Yanki

Abubuwa biyu suka sa wannan batu ya zama muhimmi a yankin da ake nazari. Na farko, wutar da kamfanin KEDCO ke rarrabawa a jihohin Kano da Katsina da Jigawa ba ta tsayawa, don haka gidan da ke da hali kan dogara da sola. Batirin ruwa kuwa yakan mutu da wuri idan ana yawan zuƙe shi fiye da rabi, ke nan kuskure a saiti hasarar kuɗi ce. Na biyu, a watan Satumba na shekarar 2021 an katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomin Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da waɗannan uku, aka kuma ɗauki watanni kafin a mayar. Home Assistant na iya ci gaba da aiki ba tare da intanet ba, amma idan wani abu ya ɓaci a irin wannan lokaci, babu halin kiran injiniya daga Funtuwa ko Katsina. Wanda ke kusa shi zai buɗe fayilolin, kuma dole ya gane abin da ya tarar.

4.3 Hanyoyin Rarraba Fayiloli

Hanya ta farko ita ce rarrabawa bisa nau'i. A nan, umurnin sarrafa kai duk yana fayil ɗaya, na'urorin awo suna wani, makunnai kuma suna wani daban. Illar wannan ita ce, aiki guda yakan warwatsu. Mai neman gyara famfon ruwa sai ya leƙa fayil uku ko huɗu kafin ya haɗa kan zancen.

Hanya ta biyu ita ce rarrabawa bisa aiki, wato ƙunshi. Ana buɗe jaka mai suna packages, a sanar da uwar fayil da zamanta, sannan kowane aiki a ba shi fayil nasa. Wannan ya yi kama da yadda manomi ke ɗaure dawa dami-dami kafin ya kai rumbu, ta yadda zai ciro dami ɗaya ba tare da ya yamutsa saura ba. Ga misalin gida mai rijiyar burtsatse da sola:

(a) ruwa.yaml: ya ƙunshi na'urar auna ruwan tanki, da makunnin famfo, da umurnin kada famfo ya tashi sai rana ta ɗaga.

(b) batiri.yaml: ya ƙunshi awon cajin batiri, da umurnin kashe kayan da ke jan wuta idan caji ya sauka.

(c) haske.yaml: ya ƙunshi fitilun zaure da tsakar gida, masu kamawa da magariba su mutu da asuba.

Idan famfo ya lalace, sai a cire fayil na farko kawai, a sake tayar da manhajar, fitilu su ci gaba da aikinsu. Sai dai a lura, idan umurnin famfo ya dogara da awon da ke cikin fayil na biyu, to cire na biyun zai shafe shi. Wajibi ne a rubuta irin wannan alaƙa a saman fayil.

4.4 Ƙa'idojin da Ya Kamata a Kiyaye

Da farko, sunan fayil shi ne sunan ƙunshi, don haka kada biyu su ci suna ɗaya. A rubuta shi da ƙananan haruffa, a guji masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ. Na biyu, kalmomin sirri a keɓe su cikin secrets.yaml, domin a iya ba maƙwabci kwafin ƙunshi ba tare da an ba shi mabuɗin gida ba. Na uku, a riƙa sa bayani da Hausa a layin da ya fara da alamar #, wanda manhajar ba ta karantawa. Na huɗu, a binciki ingancin saiti kafin a sake tayar da manhajar. Daga ƙarshe, a adana kwafi a filashi, tun da katin ajiyar Raspberry Pi na iya lalacewa idan wuta ta ɗauke yana cikin rubutu.

4.5 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa rarraba fayiloli bisa aiki ya fi dacewa da gidan da mai gyara ke nesa da shi, kuma sadarwa ba ta da tabbas. A babi na gaba za a kawo taƙaitawa da shawarwari.