Minti Ashirin Na Uwa A Jajiberin Sallah



Ranar jajiberin ƙaramar Sallah na leƙa gidan yayata. 'Ya'ya huɗu, tela bai gama ɗinki ba, ga cincin a wuta, ga kitso bai ƙare ba. Ko gaisuwata da ƙyar ta amsa. Amma da na koma bayan isha'i, sai na tarar da ita zaune da biro da littafin 'yarta, tana zana furannin lalle da dagi. Fuskar nan ta sake. Ta ce min, "Kai dai bari, wannan ne kaɗai aikin da ba wanda ke jira in gama."

To me ke faruwa? Idan hannu na maimaita layi da lanƙwasa, hankali yakan tattaru wuri guda, lissafin ayyuka ya lafa. A 2016, masu bincike a Jami'ar Drexel ta Amurka sun ba manya 39 minti 45 su yi zane ko makamancinsa. Kusan kashi 75 cikin ɗari, sinadarin damuwa mai suna kotizol ya ragu a jikinsu, gwani da ɗan koyo.

Ba na cewa zane zai warkar da damuwa mai tsanani, wannan aikin likita ne.

Amma matasa, ga namu: Sallar nan ku karɓi wanke-wanke, ku janye yara, ku miƙa wa Umma takarda da biro. Minti ashirin kawai.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.