Tukwanen Kabarin Zuru Ba Sa Shiga Sikana

Duk lokacin da aka yi zancen adana kayan tarihi a kwamfuta, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne sikana irin ta shagon fotokwafi, mai gilashi da murfi. Tana da amfaninta, amma a ƙasar Zuru aikinta kaɗan ne, domin mafi shaharar kayan tarihin Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, ba takarda ba ne. Tukwane ne da siffofin yumɓu da mata suka gina, wasu da surar dabba, wasu da ta mahayin doki, ana ɗora su a kan kaburburan manyan mutane. Da yawa sun riga sun bi hannun dillalai zuwa Turai da Amurka. Ta ina za a kwantar da irin wannan a kan gilashi?

Na'urar da ta dace da su kyamara ce mai kyau, da sandar ɗora ta mai ƙafa uku, da faifai mai juyawa. A ɗora tukunya, a riƙa juyawa kaɗan-kaɗan ana ɗauka daga sama da tsakiya da ƙasa, kowane hoto ya haɗa da wani sashe na wanda ya gabace shi. Manhajar kwamfuta ce za ta gano wuraren da hotunan suka yi tarayya, ta ɗinke su su zama siffa guda da za a iya juyawa a allo. Nan yumɓu ya yi sa'a: ba ya ƙyalli, kuma jikinsa na da kaushi da zane, abin da manhajar ke kamawa ke nan. Ƙarfe mai sheƙi da duwatsun ado su ne ke ruɗa ta. Akwai sikana ta hannu mai harba haske, tana da sauri, sai dai tsadarta ta wuce kima, kuma in ta lalace mai gyara ba ya kusa. A ganina ƙaramin gidan tarihi bai da dalilin fara da ita.

Takardu kuwa kashi biyu ne. Tsoffin hotunan bikin Uhola da wasiƙun masarauta masu ƙwari za su iya hawa sikana mai gilashi, a saita ta kan ɗigo 300 zuwa 600 a kowane inci. Amma rubutun ajami da ya daɗe a gafaka, wanda tawada ta fara cin takardarsa, ba a danne shi da murfi. Daga sama ake ɗaukarsa, da fitila marar zafi a kowane gefe, da katin launi da ma'auni a kusa. Sikana mai jan takarda da kanta kada ma ta shigo ɗakin.

A ajiye asalin hoto a tsarin TIFF, a bar JPEG don rabawa a waya. Kwafi uku, ɗaya a wani gari. Gobarar da ta cinye gidan tarihin ƙasar Brazil a 2018 ta isa hujja. A sa kuɗin sola da batir cikin lissafi tun farko, da mayafin da zai kare kaya daga ƙurar hunturu.

Sai abin da ba a saye a kasuwa. Shirin Digital Benin, da aka buɗe a intanet a 2022 da kayan tarihin Benin fiye da 5,000 daga cibiyoyi 131, ya yi armashi ne saboda an haɗa hotuna da sunayen kayan a harshen Edo. Haka ya kamata kowace tukunyar Zuru ta zo da sunanta da harshen C'lela, da ƙauyen da ta fito, da wanda aka gina wa. Kuma tunda kayan kabari ne, dattawan gidan ne za su ce wanne za a sa a intanet, wanne zai tsaya a rumbun ajiya.